ABIYU: ICCEN ƘASAR RUWA DA AKE RENO A ƘASAR SANYI

 

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kano ko Katsina da rani ya san agwaluma, wadda in ka sha ta sai leɓɓanka su riƙa mannewa don ƙaron da ke cikinta. Mutanen Gaya da na kudancin Doso kuma ba sai an gaya musu kaɗanya ba. To, waɗannan itatuwa biyu dangi ɗaya ne, kuma suna da wani ɗan'uwa can nesa bayan teku, a Amurka ta Kudu. Labarinsa muka kawo muku a wannan fitowa.

Sunansa abiyu. Sunan ya fito daga bakin mutanen asali na ƙasar Burazil, masu yaren Tupi. Masana itace suna ce masa Pouteria caimito. Wasu Turawa biyu ƴan Sipaniya, Ruiz da Pavon, su suka fara rubuta kamanninsa cikin littafi a 1802, bayan sun yi shekaru suna tara tsirrai a ƙasar Feru. Gidansa na asali shi ne dajin kogin Amazon, wajen da Feru da Burazil da Kolambiya da Ekwado suke iyaka da juna.

Cikin daji iccen yana iya kai metir 30 ko fiye, amma a garka da wuya ya wuce metir 10. Ganyensa dogo ne mai sheƙi, ba ya kaɗewa da rani. Furensa ƙanana ne farare, suna fitowa jikin ƙananan rassa. Ɗansa rawaya ne sumul, girman lemun zaƙi ko ya fi, wani da ɗan tsini a gindi. In an raba shi biyu sai a tarar da tsoka fara mai haske da laushi, mai zaƙi kamar madarar da aka dafa da sukari, da ƙwallo baƙi ɗaya zuwa huɗu. Wata ƙabila ta bakin kogin, Tikuna, ta daɗe tana zaɓen iri, har ta samu itatuwan da ɗansu guda yake kusan kilo 1. Wannan aikin manoma ne irinku, waɗanda suka riƙa ajiye ƙwallon icce mai kyau suna yar da na banza, tun kafin a san wani abu wai shi gidan binciken noma.

Yanzu ku dubi inda ya saba. A birnin Iquitos na ƙasar Feru, ruwan da ke sauka a shekara yana kusan milimetir 3000, kuma babu watan da ba a yin ruwa. Maraɗi kuwa tana samun wajen 500, cikin wata uku ko huɗu. Iskar can kullum da laima, dare da rana da ɗumi. Icce ne da bai san ɗari ba, bai san ƙishirwa ba. Amma duk da haka yau ana cin ɗiyansa daga garakan da ke kudancin jihar Fulorida ta Amurka, da gabashin Ostareliya, da jihar Sao Paulo ta Burazil, da kudancin tsibirin Taiwan. Waɗannan wurare ne masu yanayin tsaka-tsaki: suna da lokacin zafi mai tsawo da ruwa, sa'an nan da lokacin sanyi gajere, kuma a wasu daga cikinsu akan samu dare ɗaya ko biyu da raɓa take daskarewa bisa ciyawa. Yaya suka yi?

Abin da ya faru a Fulorida

Ba da sauƙi suka samu ba. A 1914 wasu ma'aikatan noma na gwamnatin Amurka, Dorsett da Shamel da Popenoe, suka kawo irin abiyu daga jihar Bahia ta Burazil. Daga baya an dasa shi sau da yawa a gidan binciken noma na garin Homestead, can ƙarshen kudancin Fulorida, amma sanyi ya kashe mafi yawan ƙananan. Wasu ƴan kaɗan da aka dasa a 1953 sun tsira, sai dai ba su ba da ɗiya ba sai 1962. Shekara 9 ke nan, alhali a gidansa cikin shekara 3 ko 4 yakan fara haihuwa.

Kada ku zaci Homestead ƙasar sanyi ce. Mangwaro da afoka da lemu duk suna yi a can. Shekara da shekaru kan wuce ba a ga ƙanƙara ba. Amma wata shekara sai iskar arewa ta gangaro musu. Ran 19 ga watan Janairu 1977 har dusar ƙanƙara ta zuba a yankin, abin da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. A watan Disamba 1989 ma an yi wani sanyi da ya ƙone garaka masu yawa. Mai lemu yakan yi asara ya farfaɗo. Mai ƙaramin abiyu kuwa sai dai ya sake dashe.

Ga iyakar iccen, kamar yadda malaman gona na can suka auna. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 35. In awo ya sauka ƙasa da 20 sai girmansa ya ragu. In ya kai sifiri, wato inda ruwa yake daskarewa, ƙaramin icce yana iya mutuwa a dare guda. Babba yakan jure kaɗan, amma digiri 1 ko 2 ƙasa da sifiri sun isa su kashe shi ko su ƙone shi har gindi. Kuma ba sai an kai ga ƙanƙara ba: sanyi mai iska, in ya ɗauki kwanaki, yakan sa ganye ya yi rawaya ya zube.

Shi ya sa masu garka na can suka gane cewa aikin abiyu kusan duka yana cikin shekara uku na farko, kuma rabinsa ana yin sa tun ba a gina rami ba. Wurin da ka sa iccen ya fi takin da za ka ba shi muhimmanci.

Zaɓen wuri

Sanyi yana tafiya kamar ruwa. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare takan gangara daga tudu ta taru cikin kwari. Wanda ya taɓa kwana cikin fadama da ɗari ya san haka a jikinsa. A gona ɗaya, tsakanin bisa tudu da ƙasan kwari ana iya samun bambancin digiri 2 ko 3, kuma ga abiyu wannan shi ne tsakanin rai da mutuwa. Masu garka na wajen garin Nambour, a kudancin jihar Kwinsland ta Ostareliya, sukan nemi gangaren tudu mai fuskantar rana, su bar kwarin ga abin da ya fi juriya. Abin lura: su suna kudu da tsakiyar duniya, don haka ranarsu ta lokacin sanyi tana arewa da su, sanyinsu kuma yana faɗawa watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damana. A Fulorida kuwa gefen kudu na gida ake nema.

Mai icce ɗaya ko biyu a cikin gida ya fi mai gona sa'a. Bango yana shan rana wuni guda, da dare ya riƙa sakin ɗumin a hankali. Iccen da aka dasa kusa da bangon da rana take duka, kuma bangon ya tare masa iskar sanyi, yakan wuce daren da na fili ba ya wucewa. Sai dai kada a manna shi da gini ƙwarai, don zai girma.

Dare mai haɗari shi ne wanda gari ya yi garau, babu gajimare, babu iska, taurari sun fito tar. A irin wannan dare ɗumin ƙasa yakan tashi sama ba abin da ya tare shi, sai can goshin asuba sanyi ya kai iyakarsa. In rediyo ya yi gargaɗi, ga abin da suke yi. Tun da rana a ba ƙasa ruwa, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi. A janye ciyawar da aka shimfiɗa a gindi, don ƙasa ta samu ta saki ɗuminta zuwa ga iccen. Da marece a kafa sanduna a lulluɓe shi da bargo ko buhu har ƙasa, ba tare da mayafin ya kwanta bisa ganye ba. Da hantsi a yaye. Wasu kuma tun farkon lokacin sanyi sukan tara ƙasa mai tsabta jikin gindin ƙaramin icce har ta rufe wurin aure, don ko sama ta ƙone, abin da ke cikin ƙasa ya sake tohowa. In sanyi ya wuce sai a kwashe ta, in ba haka ba gindin ya ruɓe.

Manyan manoman Fulorida suna da wata dabara mai ban mamaki. In daren ƙanƙara ya zo sai su tada injin ban-ruwa, su riƙa feshin itatuwa har gari ya waye. Ruwa in yana daskarewa yana sakin ɗan ɗumi, kuma muddin sabon ruwa yana zuwa, jikin iccen ba zai sauka ƙasa da sifiri sosai ba. Amma in inji ya tsaya tsakar dare, ɓarnar ta fi ta wanda bai yi kome ba. Nauyin ƙanƙarar kuma yakan karya rassa. Dabara ce ta mai inji biyu da mai a tanki, ba ta kowa ba.

Ƙasa da ruwa

Matsala ta biyu a Homestead tana ƙarƙashin ƙafa. Ƙasar wurin farin dutse ce, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Sai an sa inji an farfasa kafin a gina rami. Abiyu kuwa ya fito daga ƙasar daji mai ɗan tsami. Malaman gona suna da awon tsamin ƙasa, wanda lamba 7 take tsakiyarsa: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa da toka. Abiyu ya fi son 5 da rabi zuwa 6 da rabi. Ƙasar Homestead takan kai wajen 8.

A irin wannan ƙasa akwai sinadarin ƙarfe, amma a ɗaure yake, saiwa ba ta iya shan sa. Alamar a bayyane take: sababbin ganye na kan reshe su yi rawaya ko fari, jijiyoyinsu kuwa su zauna kore. Ku bambanta wannan da yunwar taki, wadda take fara nunawa a tsofaffin ganye na ƙasa, su yi rawaya gaba ɗaya. Mutane da yawa sukan ga rawaya su ƙara zuba takin zamani, kuɗi su tafi, ganye bai sake ba. Maganin da ake yi a can shi ne wani garin ƙarfe da aka haɗa musamman domin ƙasa mai farin dutse, a dama shi da ruwa a zuba a gindi lokacin zafi, sa'ad da saiwa take aiki. Yana da tsada, kuma kowace shekara sai an maimaita.

Wanda yake so ya san ko ƙasarsa tana da wannan dutse, ya ɗebo busasshiyar ƙasa daga cikin rami ya ɗiga mata binegir. In ta yi kumfa tana tsuwwa, akwai shi da yawa. Wannan gwaji yana da amfani ko ga mai lemu da gwaba, don su ma sukan yi irin wannan rawaya.

Gishiri kuwa abiyu ba ya ɗaukar sa ko kaɗan. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri ko kanwa yakan ƙone bakin ganye, sa'an nan iccen ya tsaya cik.

Yana son ruwa, amma ba ya son tsayawa cikinsa. A wuraren da ruwa yake kwanciya bayan an yi mamako, sukan tara ƙasa su yi tudu mai tsawon kamu biyu ko uku, su dasa bisa kansa. A shekarun farko ba a barin gindinsa ya bushe. In ya fara fure har ɗiya su nuna, ban-ruwa sai ya zama a kai a kai. In aka bar shi da ƙishirwa sa'an nan ruwa mai yawa ya zo bagatatan, ɗiyan sukan tsage tun suna bisa. Lokacin sanyi kuma a rage ruwa, don iccen ba ya sha da yawa, saiwa kuma takan ruɓe cikin ƙasa mai sanyi da laima.

Ƙwallo ko aure?

A nan ne zumuncinsa da kaɗanya ya fito fili. Matan da suke tsintar kaɗe sun san ƙwallon da ya bushe ba ya tsira. Haka na abiyu. Ba iri ba ne da za a shanya a ɗaure cikin tsumma sai baɗi. In an fidda shi daga cikin ɗa, a wanke, a shuka cikin kwana biyu ko uku. In ya yi kwanaki a waje ya bushe, ya mutu. A sa shi cikin leda mai zurfi, a inuwa, kada a binne shi da nisa. Cikin sati biyu zuwa shida yakan fito, gwargwadon ɗumin gari.

Iccen ƙwallo yana da saurin haihuwa in an gwada shi da mangwaron ƙwallo. Aibinsa shi ne ba ka san abin da ka shuka ba sai bayan shekara uku ko biyar. Wani ya fito da ɗiya manya masu zaƙi, wani ƙanana masu ruwa-ruwa da ƙaro mai yawa, wani kuma ya yi ta fure shekara da shekaru ba ya riƙe ɗa. Don haka ne manoman arewacin Kwinsland, wajen Cairns, suka zaɓi itatuwan da suka fi kyau cikin garakansu suka ba su suna, kamar Gray da Z2 da Z4, ana yanko rassansu ana aurawa bisa ƙananan ƙwallo, daidai yadda muke yi wa mangwaro. Mai aure yakan fara ba da ɗiya wajen shekara 2, kuma ka san irin da za ka samu. Ƙaron da ke fita in an yanka reshe yakan hana aure kamawa, shi ya sa aikin yake son wuƙa mai kaifi da hannu mai sauri.

A ganinmu, wanda yake ƙasa mai sanyi bai kamata ya yi caca da ƙwallo guda ba. In zai kwana uku-uku yana lulluɓe icce har shekara uku, gara ya san abin da yake wa wahala. In babu mai aure, ya shuka ƙwallo huɗu ko biyar daga ɗa mai kyau, daga baya ya sare marasa kirki. Ko da mai aure ne, biyu sun fi ɗaya: itatuwan da ba iri ɗaya ba in suna kusa, ƙwari suna kai garin fure tsakaninsu, riƙon ɗa yakan ƙaru.

Kada a yi gaggawar fidda shi daga leda. Masu garka na wuraren sanyi sukan bar shi cikin tukunya, a wuri mai kariya, har ya kai wajen ƙugu, jikinsa ya yi ɓawo. Sa'an nan a dasa a farkon lokacin zafi, don ya samu wata shida ko bakwai yana kafa saiwa kafin sanyin farko ya same shi. Wanda ya dasa gab da sanyi ya ba da iccensa sadaka. Tsakanin icce da icce a bar metir 6 zuwa 8. A watannin farko a yi masa ƴar rumfa, don rana mai ƙarfi tana ƙona ganyen ƙarami.

Taki kaɗan-kaɗan, sau da yawa, lokacin zafi. In sanyi ya kusa a tsaida, musamman takin da ke sa ganye, irin su ire. Dalili: taki yana sa sabon toho, sabon toho kuma shi sanyi yake fara ci.

Iska

Ko babu sanyi, busasshiyar iska maƙiyiyarsa ce. Takan ƙone gefen ganye, ta kakkaɓe fure, ta sa reshe ya riƙa gogar ɗa har fatarsa ta yi tabo, mai saye ya ƙi shi. Shingen itatuwa a gefen da iska take fitowa ya zama tilas.

Akwai kuma babbar iska, guguwar teku. A 1992 guguwar da aka sa wa suna Andrew ta bi ta kan Homestead ta kwantar da garaka. A Kwinsland an yi Larry a 2006, aka sake yin Yasi a 2011, duka biyu a yankin da ake noman irin waɗannan itatuwa. Abin da aka gani shi ne dogayen itatuwa su suka fi faɗuwa. Tun daga nan wasu manoman can suka koma ɗaure itatuwansu jikin waya da turaku, kamar yadda ake yi wa inabi. Sauran kuma suka dage da sassabe. A kan tsaida abiyu wajen metir 3 zuwa 4, a datse kansa tun yana ƙarami don ya yi rassa a ƙasa. Gajeren icce ya fi sauƙin lulluɓewa, ya fi sauƙin tsinka, iska kuma ba ta samun abin kamawa. A yi sassaben bayan an gama tsinka, ba gab da sanyi ba.

Rassansa ba su da ƙarfi sosai, kuma icce mai lafiya yana iya ɗaukar ɗiya ɗaruruwa. In sun yi cunkus a reshe ɗaya a rage tun suna ƙanana. Waɗanda suka rage za su fi girma, reshe kuma ba zai tsage ba.

Ƙudan ɗiyan itace

Masu mangwaro na ƙasarmu sun san wannan masifa, tun da sabon ƙudan nan na Asiya ya shigo Afirka ta Yamma wajen 2004. Kowace ƙasa da nata irin: na Fulorida daban, na Kwinsland daban, na Burazil daban, amma aikinsu ɗaya. Macen takan huda fatar ɗa in ya fara rawaya ta sa ƙwai, tsutsa ta ci ciki, waje kuwa lafiya lau. Abiyu mai fata mai laushi yana cikin abin da suka fi so. Ga mai itatuwa kaɗan babu abin da ya kai sa wa kowane ɗa jikkar takarda tun yana kore, a ɗaure bakinta jikin reshe. A Taiwan haka suke yi har a manyan garaka. Jikkar tana kuma tsare shi daga tsuntsu da ƙunar rana. Duk ɗan da ya faɗi a tsince shi a binne da zurfi, kada a bar tsutsa ta shiga ƙasa ta zama sabon ƙuda. A Ostareliya kuma akwai manyan jemagu masu cin ɗiyan itace da dare, har sai an rufe icce da raga.

To, a nan fa?

Mun san wasunku za su yi wannan tambaya, don haka bari mu faɗi gaskiya. Sanyin da ke kashe abiyu a Fulorida ba shi ne babbar damuwarmu ba, in ban da tsaunukan Ayar, wajen Timiya da Bagzan, inda ruwa kan daskare da dare a watan Disamba da Janairu. Namu abokan gaban su ne sauran biyun. Hunturu yana busawa wata uku ko huɗu da iskar da babu laima cikinta. Bazara kuma a Tawa da Yamai awo yakan haura digiri 44, alhali iccen ya fi son kada a wuce 35. Ƙara da ruwan rijiyoyi masu kanwa da gishiri, irin na Dallol Boso da Foga. Ko a Gaya, inda ruwan sama yake kai wajen milimetir 800, rani ya yi masa tsawo. Kada wani ya sare mangwaronsa ko gwabarsa don ya ji labarin ɗa mai zaƙin madara. In mutum yana da rijiya mai daɗin ruwa da wani lungu mai inuwa tsakanin ayaba da manyan itatuwa, yana so ya gwada ɗaya don sha'awa, wannan tsakaninsa da aljihunsa.

Abu ɗaya dai muke roƙo. Kada matafiyi ya ɓoyo ɗiyan itace ko dashe daga wata ƙasa cikin kayansa. Ƙwallon abiyu ma ba ya jure doguwar tafiya, ɗan kuma yana iya zuwa da tsutsar ƙudan da ba mu da irinsa. Duk dashen da zai ƙetare iyaka sai ya bi ta hannun ma'aikatan kare tsirrai.

Tsinka da sha

Daga fure zuwa nuna wajen wata uku ne zuwa huɗu, ya fi daɗewa in gari da sanyi. A gidansa yakan yi fure sau da yawa a shekara. A Fulorida kuwa yawancin ɗiyan suna nuna ƙarshen lokacin zafi, wajen watan Agusta zuwa Oktoba.

Ba a tsinkar sa ɗanye kamar mangwaron da za a kai nesa. In an cire shi kore, ƙaro ya cika shi, zaƙi kuma ba zai zo ba. A jira sai ya yi rawaya sosai, ko da ɗan saura kore kaɗan a wajen hanci. A yanke shi da almakashi, a bar ɗan guntun kara a jiki, kada a fizge. Ba a kakkaɓar sa da sanda. Ko matsa shi da yatsa aka yi da ƙarfi, washegari wurin ya yi baƙi daga ciki. A jera cikin kwando sahu ɗaya, da abu mai laushi a ƙasa. Wannan rashin juriya shi ya sa har yau bai zama kayan jirgin ruwa ba kamar ayaba da lemu, yawanci a kasuwannin kusa da garka ake sayar da shi. A ɗakin sanyi wajen digiri 12 yakan yi sati guda ko fiye, amma sanyin da ya wuce haka yana ɓata shi.

In za a sha, a raba shi biyu, a fidda ƙwallo, a kwashi tsokar da cokali, kada a kankara har jikin fata, don can ƙaron yake. Tsokar takan yi duhu da sauri in ta sha iska, don haka ba a yanka shi a ajiye. Ɗigon lemun tsami yana hana wannan, yana kuma tada ɗanɗano, tun da shi abiyu zaƙi ne zalla babu tsami. Mutanen Amazon masu sha da baki sukan shafa ɗan mai a leɓe tukuna don kada ƙaro ya kama. Mai man kaɗe a gida ba sai ya nemi wani ba.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damana mai albarka.